Jemagu da Bairos: Yadda Cuta Ke Zama a Cikinsu, da Abin da Ke Sa Ta Tsallako

Da la'asar sakaliya, idan mutum ya bi ta wajen gidan zu da gidan tarihi a tsakiyar Jos a lokacin da jemagu suka sauka garin, kunnensa ne zai fara ba shi labari kafin idonsa. Hayaniya ce kamar ta kasuwa daga saman bishiyoyi, rassa sun sunkuyo saboda nauyi, ƙasa kuma ta yi dabbare-dabbare da kashinsu. Magariba na yi sai su tashi, ayari bayan ayari, su nufi bayan gari neman abinci. Mutanen Jos sun saba da wannan har ba kowa ke ɗaga kai ba. Amma da an ji ɓullar wata cuta a wata ƙasar Afirka, kamar yadda Marburg ta ɓarke a Ruwanda a watan Satumba na 2024 ta kama mutum 66 ta kashe 15, sai saƙonni su cika WhatsApp: kada a sha mangwaro, a sare bishiyoyin da jemagu ke kwana, a turara musu hayaƙi. Wasu kuma su ce duk zancen Turawa ne, kakanninmu sun zauna da jemage ba abin da ya same su.

Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma dukkansu sun tsallake tambayoyin da suka fi muhimmanci. In har jemage na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kisa, me ya hana su kashe shi? Me ya sa cutar ba ta ƙarewa a cikin garkensu? Kuma me ya sa za a yi shekaru ana zaman lafiya da su, sai rana ɗaya ta faɗo kan mutane?

Kalmomin da ake rikita su

Bairos ƙwayar cuta ce da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya hayayyafa sai a cikin jikin wani mai rai. Ƙyanda, shan inna, zazzaɓin Lassa, korona da ciwon haukan kare duk aikin bairos ne, shi ya sa magungunan kashe bakteriya ba sa musu komai.

Dabbar da bairos ke zama a cikin jinsinta shekara da shekaru, yana fita daga wannan ya shiga wancan ba tare da ya ƙare ba, ita ce ma'ajiyarsa. Ma'ajiyar Lassa wani irin ɓera ne da ke shiga gidaje da rumbuna. Ranar da bairos ya bar ma'ajiyarsa ya shiga mutum ko dabbar gida, ya tsallako ke nan. Sau da yawa ba kai-tsaye yake zuwa ba, sai ya bi ta kan wata dabba da ta zame masa gada, kamar alade ko doki ko raƙumi.

Sai kuma maganar "an gano", wadda ita ce ta fi jawo ruɗani. Idan aka ce an gano wani bairos a jemage, abu uku ake iya nufi. Wani lokaci a jinin dabbar ne aka ga sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa bayan ya yi karo da cuta. Wannan kamar ganin sawu ne a rairayi: wani ya wuce, amma ba a san yaushe ba, ba a kuma tabbatar ko shi ne wanda ake nema ko ɗan'uwansa ba. Wani lokaci gutsuren ƙwayar gadon bairos ɗin aka samu, wanda ya fi sawu ƙarfi amma bai nuna yana da rai ba. Hujja mafi ƙarfi ita ce a ciro bairos mai rai daga jikin dabbar a raine shi a ɗakin gwaji, wato an kama ɓarawo da kaya a hannu. Yawancin labaran da ke tayar da hankali a kan mataki na farko ko na biyu suka tsaya.

Shi kansa jemage ba iri ɗaya ba ne. Akwai fiye da iri 1,400 a duniya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukkan dabbobi masu shayarwa. Manyan da ke rataye a bishiyoyin Jos, masu gashi ruwan kara a wuya, su masana ke kira Eidolon helvum, kuma 'ya'yan itace da furanni ne abincinsu. Ƙananan da ke shiga silin na makarantu da masallatai ƙwari suke ci. Masu shan jini iri uku ne kacal, kuma a yankin Latin Amurka kaɗai suke, babu su a Afirka.

Abin da ya tabbata da abin da ake zato

A kan Marburg babu sauran jayayya. An fara sanin cutar a 1967 a Jamus da birnin Belgrade na tsohuwar Yugoslabiya, lokacin da ma'aikatan ɗakunan gwaji suka kamu daga birai da aka kai daga Yuganda. Sai bayan shekara 40 aka kama ma'ajiyarta. A 2007 mahaƙa sun kamu a ramin ma'adinai na Kitaka a Yuganda, masu bincike suka shiga suka ciro bairos mai rai daga wani jemage mai kwana a kogo, Rousettus aegyptiacus. Haka cutar Hendra a Ostareliya da cutar Nipah a Malesiya da Bangaladash, an tabbatar daga manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace suke fitowa.

Ebola kuwa har yanzu da saura. An samu sawunta da gutsurenta a wasu jemagu, kuma yawancin masana su suke zargi, amma ba a taɓa ciro bairos ɗinta mai rai daga jemagen daji ba. Annobar da ta fara a ƙauyen Meliandou na Gini a ƙarshen 2013, ta kashe fiye da mutum 11,000, ana zaton ta faro ne daga wani ƙaramin yaro da ke wasa kusa da kogon bishiya mai jemagu. Zato ne mai ƙarfi, amma zato ne. Abin da ba shakka a kansa shi ne yadda ta shigo Legas a ranar 20 ga Yuli, 2014: a jikin fasinjan jirgin sama daga Laberiya. A kan korona ma, an samu dangin bairos ɗin na kusa a wasu ƙananan jemagu a kudancin Sin da Laos, amma hanyar da ya bi ya iso ga mutum har gobe ana muhawara a kanta.

Najeriya na da nata kason a wannan tarihi. A 1956 aka ciro wani bairos ɗan'uwan na haukan kare daga Eidolon a tsibirin Legas, aka sa masa sunan garin. A 2010 aka wallafa gano wani bairos na dangin korona a jikin wani jemage mai cin ƙwari, aka sa masa sunan Zariya. Duka biyun ba a tabbatar sun taɓa sa wani mutum ciwo ba. Kasancewar bairos a dabba daban, ɓarkewar annoba daban.

Yadda yake yawo a tsakaninsu

Duk wanda ya ga reshe ɗaya ɗauke da jemagu ɗari, jiki na gugar jiki, ya ga rabin amsar. Suna lasar juna, suna cizon juna wajen rigimar wurin kwana, na sama yana fitsari a kan na ƙasa. A kogo abin ya fi haka, domin ga cunkoso ga zafi ga danshi, iska kuma ba ta zagayawa. Yawu da fitsari da kashi su ne manyan hanyoyin, sai kuma ruwan haihuwa.

Abinci ma hanya ce. An daɗe ana cewa jemage da baki yake kashi. Ba haka ba ne, amma akwai dalilin da ya sa aka faɗa. Jemage mai cin 'ya'yan itace yakan tauna ya matse ruwan a dasashinsa ya haɗiye, sannan ya tofar da tuƙar. Wanda ke da bishiyar mangwaro ko gwaiba ko ɓaure a gida ya san waɗannan ƙananan dunƙule-dunƙulen da ake sharewa da safe, da 'ya'yan da aka gatsa gefe ɗaya aka yar. Duk suna jiƙe da yawu. A gwajin da aka yi da jemagen Marburg, an ga bairos ɗin yana fita sosai ta yawu, kuma yana iya yin sa'o'i da rai a kan 'ya'yan itacen da aka gatsa.

Sauran rabin amsar fukafukai ne. A dare ɗaya Eidolon yakan yi tafiyar kilomita gommai ya dawo. A shekara kuma yana ƙaura yana bin damina da nunar 'ya'yan itace, shi ya sa ake ganin bishiyoyin sun cika wata da watanni, sai kuma a wayi gari sun yi fayau. A dajin Kasanka na Zambiya miliyoyinsu ke taruwa tsakanin Oktoba da Disamba, kuma waɗanda aka maƙala wa na'urar bin sawu an gan su sun yi tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna Eidolon na faɗin nahiyar nan a cakuɗe suke kamar dangi ɗaya. Saboda haka garken da ke Jos ba na Jos kaɗai ba ne, zango ne a kan doguwar hanya.

Me ya hana shi ƙarewa

Nan ne ainihin ƙullin yake. Bairos mai kama jiki na ɗan lokaci kamar wutar daji yake, sai da sabon makamashi yake ci gaba. Wanda ya kamu ko dai ya mutu ko ya warke ya samu kariya, to idan kowa ya gama kamuwa, wutar sai ta mutu. Masana sun daɗe da lissafa cewa ƙyanda ba ta iya zama dindindin a al'ummar da ba ta kai mutum 250,000 zuwa 500,000 ba, domin jariran da ake haifa ba su isa su riƙe ta ba. A ƙaramin tsibiri sai ta ƙone kanta ta ɓace, sai wani baƙo ya sake kawo ta. To yaya bairos ke ɗorewa a garken jemagu, wanda wani bai wuce 'yan dubbai ba?

Bayani uku ake bayarwa, kamar yadda masaniyar nan Raina Plowright da abokan aikinta suka jera su a 2016. Na farko ya ce lallai bairos yakan mutu a garke ɗaya, amma kafin nan ya riga ya tsallaka wani garken, kuma zai dawo idan an haifi sababbin da ba su da kariya. Wato ba a garke ɗaya yake zaune ba, a tsakanin garkuna yake kai-komo. Na biyu ya ce kariyar da jemage ke samu ba ta daɗewa, tana sanyi bayan wani lokaci, sai ya sake kamuwa. Na uku ya ce bairos ɗin ba ya barin jikin wasu jemagun sam, lafewa yake, sai jiki ya raunana ya farka ya fara fita. Mutane ma sun san irin wannan: bairos ɗin ƙarambau yakan ɓuya a jijiyoyin wanda ya yi ta yana yaro, bayan shekaru da dama ya fito masa da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki.

Kowanne yana da hujjarsa. Masu bayani na farko suna nuni da yawan ƙaura da cakuɗuwar garkuna. Masu na uku kuma suna kawo misalin tsibirin Annobon da ke cikin teku a yankin Ikwatoriyal Gini, inda wani ƙaramin garken Eidolon ke zaune a ware, ba ya haɗuwa da na nahiya, amma aka samu sawun dangin Nipah a jininsu. Da bairos ɗin irin na ƙyanda ne, da tuni ya ƙare a can. Abin da ya sa aka kasa yanke hukunci shi ne wahalar aikin: sai an kama jemage ɗaya an gwada shi, an sake shi, an kuma sake kama shi ɗin dai bayan watanni, a cikin garken dubban ɗaruruwa. Alamu sun fi nuna cewa ba amsa ɗaya ba ce, kowane bairos da salonsa.

Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne rawar da haihuwa ke takawa. Jemage ba ya haihuwa barkatai kamar ɓera. Galibi uwa ɗa ɗaya take haifa, kuma matan garke kusan lokaci guda suke haihuwa. Jariri yana samun kariya daga uwarsa, amma bayan 'yan watanni kariyar sai ta gushe, sai a wayi gari da dubban matasan jemagu da ba su da garkuwa, duk a lokaci ɗaya. Makamashi ya samu ke nan.

An ga wannan ƙarara a wani kogo da ke gandun dajin Sarauniya Elizabeth a Yuganda, inda wata 'yar yawon buɗe ido daga Holand ta kamu da Marburg a 2008 ta rasu. Jemagun kogon sau biyu suke haihuwa a shekara, wajen Fabrairu da Agusta. Masu bincike sun tarar cewa matasa 'yan kimanin wata shida sun ninka manya kusan sau biyar wajen ɗauke da bairos mai aiki. Waɗannan matasan ne kuma manya ke turawa gefe, zuwa ramuka da ƙasan kogo inda kashi da fitsari ke taruwa. Da aka waiwayi tarihin lokutan da Marburg ta tsallako kan mutane, sai aka ga kashi 83 cikin 100 sun faɗo ne a waɗannan watannin da matasan ke cika kogo. Haɗarin ba ɗaya yake ba duk shekara, yana da kakarsa kamar yadda sanƙarau ke da tasa.

Eidolon sau ɗaya yake haihuwa a shekara, gab da faɗuwar damina. Wasu lissafe-lissafe sun nuna cewa haihuwa sau biyu ta fi sauƙaƙa wa dangin Marburg ɗorewa fiye da sau ɗaya, abin da zai iya zama dalilin da ya sa jemagen kogo ne ma'ajiyarta ba na bishiya ba.

Jikin da ba ya ruɗewa

A cututtuka irin su Ebola da korona mai tsanani, ba bairos kaɗai ke kisa ba. Garkuwar jiki ce kan harzuƙa ta wuce gona da iri, ta haddasa kumburi da ya lalata huhu da jijiyoyin jini. Jemage ya bambanta a nan. A wasu jinsunan da aka nazarta an ga cewa matakin farko na garkuwarsu a shirye yake kullum, yana danne bairos tun bai yi yawa ba, sashen da ke haddasa kumburi kuma an rage masa kaifi. Sai dabbar ta riƙe cutar ba tare da ta kwanta ba.

Ana danganta wannan da tashi sama. Jemage ne kaɗai mai shayarwa da ke tashi da fukafukansa, aikin kuma yana cin ƙarfi ƙwarai, yana ɗaga zafin jikinsa zuwa wajen digiri 40 a kowane dare. Jikin da ke shan wannan wahala kullum dole ya koyi rashin harzuƙa, in ba haka ba zai ƙone kansa. Wataƙila shi ya sa suke da tsawon rai: an taɓa sake kama wani ɗan ƙaramin jemage a Saiberiya, wanda nauyinsa bai kai giram 10 ba, bayan shekara 41 da sa masa alama. Dabba mai tsawon rai kuwa ma'ajiya ce mai daɗewa.

Sai dai ba duka masana ne suka yarda jemage na daban ba ne. Wani nazari na 2013 ya ce kowane jinsin jemage ya fi na ɓera yawan bairos masu iya kama mutum. A 2020 Nardus Mollentze da Daniel Streicker suka sake lissafi, suka ce yawan irin waɗannan bairos a kowane rukunin dabbobi yana tafiya ne da yawan jinsunan rukunin, jemagu da ɓeraye sun yi fice ne don sun fi kowa yawan iri. Akwai kuma masu cewa tun bayan annobar SARS ta 2003, wadda wani bairos na dangin korona ya haddasa, an fi bincikar jemage fiye da sauran dabbobi, mai nema kuwa yana tare da samu. Kuma jemage ba gagara-cuta ba ne: dangin haukan kare suna kashe shi.

Yunwa da matsi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hujja mafi ƙarfi a kan haka daga Ostareliya ta fito, inda Hendra ta fara bayyana a 1994 a wata unguwar Brisbane, ta kashe dawakai da mai horar da su. Peggy Eby da abokan aikinta sun tattara bayanan shekara 25 suka wallafa a 2022. Da can jemagun makiyaya ne, suna bin furannin daji daga wuri zuwa wuri. Da aka sare dazuzzukan da ke fure a lokacin sanyi, sai suka rarrabu ƙanana-ƙanana suka tare a gonaki da bayan gidaje, suna cin abin da suka samu. A shekarun da abinci ya yanke, sun fi zubar da bairos, kuma a lokacin ne dawakai masu kiwo a ƙarƙashin bishiyoyi suka fi kamuwa. A shekarun da sauran dajin ya yi fure sosai da sanyi kuwa, jemagun sukan koma can, tsallakowar ta tsaya.

A Malesiya a 1998 da 1999, bishiyoyin 'ya'yan itace da aka dasa a jikin garkunan aladu ne suka zama tsani. Tuƙa da fitsari suna faɗawa cikin garke, aladu suka kamu suka yaɗa wa masu kiwonsu. Mutum 265 suka kwanta, 105 suka mutu, aka hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya. A Bangaladash babu ma dabbar tsakiya. Ana tsaga wata irin bishiyar dabino a rataya tukunya ta kwana tana tarar ruwanta mai zaƙi, jemagu su zo da dare su lasa su yi fitsari a ciki, da asuba a sha ɗanye. Maganin da aka gwada ya yi aiki ba mai tsada ba ne: asabarin gora da ake ɗaurawa ya rufe tsagar da bakin tukunyar.

Kisa da kora

Masu cewa a kawar da jemagu ba su rasa hujja ba. Wanda garke ya sauka a harabar makarantarsa ko asibitinsa yana fama da wari da ƙara da karyewar rassa, mai lambu kuma yana asara. Tambayar ita ce ko kisan yana rage cuta.

An gwada a Kitaka. Bayan mahaƙa sun kamu, an toshe ƙofofin ramin aka kashe jemagun, waɗanda aka ƙiyasta sun haura 100,000, kimanin kashi 5 cikin 100 na ɗauke da bairos. Zuwa ƙarshen 2008 ba a ganin ko ɗaya. Shekaru huɗu bayan haka Marburg ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. Da aka koma ramin, sai aka tarar wasu jemagun sun dawo, ba su kai ko kusa da yawan na da ba, amma kashi 13 cikin 100 na ɗauke da bairos ɗin. An kawar da manya masu kariya, sababbi marasa kariya sun cike gurbin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A Peru ma, shekarun da aka yi ana sa wa jemagu masu shan jini guba ba su rage haukan kare a cikinsu ba, har an ga alamar kisan yana watsa waɗanda suka tsira zuwa sababbin wurare.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. Furen kuka da dare yake buɗewa, kuma jemagu na cikin manyan masu yi masa barbara, haka ɗorawa da rimi. Miyar kuka da daddawa suna da alaƙa da wannan dabba fiye da yadda ake zato. Eidolon yana kai irin bishiyoyi nisan kilomita gommai ya zubar, abin da tsuntsaye kaɗan ne ke iyawa, ƙananan kuma suna cinye ƙwarin da ke ɓarna a gona.

Inda ya shafi mutumin Jos

Wucewa ta ƙarƙashin bishiyar jemagu ko ganinsu a sama da magariba ba shi ne haɗarin ba. Haɗarin yana wurin taɓawa. Na gaba-gaba su ne masu harbinsu da masu feɗe su, domin jini da yawu suna haɗuwa da yankan wuƙa a hannu. A Kamaru an samu sawun dangin Nipah a jinin wasu mutane, kuma kusan dukkansu masu feɗe jemage ne. Dafuwa tana kashe bairos, matsalar tana faruwa ne kafin nama ya shiga tukunya. Bayansu sai masu shiga kogo da ramukan ƙarƙashin ƙasa. A Filato, inda matasa da yawa ke neman abinci a ramukan kuza, abin da ya faru a Kitaka ya isa a lura da shi: ramin da aka daɗe da bari, aka dawo aka tarar jemagu sun tare, ba wurin faɗawa ba ne kai-tsaye. A Idanre ta jihar Ondo har biki ake yi na shiga kogo a kamo jemagu, kuma jami'an lafiya sun bi masu shigar don nazarin abin da suke ɗaukowa.

Mangwaron da ke kan tire a kasuwar Taminus, lafiyayye ba gatsa, wanki ya ishe shi. Wanda ake gudu shi ne na ƙasan bishiya mai sawun haƙori, irin wanda yara ke rige-rigen tsinta da sassafe su goge a riga su kai baki. Haka akuya ko alade ko doki da ake ɗaurewa a ƙarƙashin bishiyar da jemagu ke ci, da randa ko rijiya da aka bari a buɗe. Gujewa 'ya'yan itace gaba ɗaya ba ya kare kowa, masu lambu da masu talla kawai yake karyawa. An ga abin da jita-jita ke iya yi a watan Agusta na 2014, lokacin da aka tashi mutane cikin dare ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su sha don maganin Ebola, wasu suka ƙare a asibiti.

Ya kamata kuma a auna tsoro da mudun da ya dace. Cututtukan dabbobi da ke kashe mutane a nan kowace shekara ba daga jemage suke ba. Lassa, wadda asibitin mishan na Jos na cikin wuraren da aka fara ganinta a 1969, kuma ta kashe likita Jeanette Troup a garin a 1970, daga ɓera take. Haukan kare kuwa, kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da shi a duniya daga kare suke samu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana gwajin wannan cuta tana kuma yin allurar rigakafinta ta karnuka. Abin da binciken Yuganda da Ostareliya ya nuna shi ne amfanin bibiya mai ɗorewa: a riƙa ɗaukar samfur daga garke ɗaya wata bayan wata, shekara bayan shekara, har a san watannin da bairos ke tashi. Gwaji na sau ɗaya sawu kawai yake nunawa.

Jemagen da aka tarar a ƙasa da rana tsaka, ya kasa tashi, shi ne mafi haɗari a cikinsu, kuma shi ne wanda yara ke ɗauka su ɗaura wa zare. Lafiyayye ba ya yarda a kama shi. Idan ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da raunin bai fi tsinin allura ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar a nemi allurar haukan kare, kada a jira alama, domin da zarar alama ta bayyana babu magani. Allurar ba ta da tabbas a kan bairos ɗin Legas, amma tana aiki a kan wasu 'yan'uwansa, kuma ɗaya daga cikinsu, Duvenhage, ya kashe mutane a Afirka ta Kudu a 1970 da 2006, da wata mata da jemage ya yakusa a fuska a Kenya a 2007.